Takardar Likita da Aikin Mai Juna Biyu



Mai juna biyu takan zo awo, a gwada jininta, a ba ta maganin ƙarin jini, ta ɗauki mayafinta ta tafi, ba ta ce uffan a kan aikin da take yi ba. Alhali tun safe take tsaye a aji ko a shago har la'asar. Don Allah ku riƙa faɗa mana a wurin awo. Awa nawa kike tsaye? Me kike ɗauka? Kina kwanan aiki? Akwai wurin zama da ruwan sha da bayi a kusa?

Ga dalili. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, shida kafin ta sauka, shida bayan ta sauka. Idan ta kai wata shida a wurin aikin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Mai shayarwa kuma tana da rabin awa sau biyu a yini don ta ba jariri nono. Amma hutun farkon nan ba ya buɗuwa sai da takardar likita mai rajista, wadda ta nuna haihuwa ta rage kamar mako shida. Idan ciki ko haihuwa ya jawo rashin lafiyar da ta sa ta wuce lokacin, kuma likita ya rubuta, ba a yarda a miƙa mata takardar kora tana kwance ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya mako 16 suke samu, jihar Kaduna kuwa ta mai da nata wata shida tun 2019.

Takarda ma iri-iri ce. Wadda aka rubuta "a sassauta mata aiki" kawai, shugaba zai karanta ya jefa a aljihun tebur. Wadda take aiki ita ce mai faɗin abu ƙarara: kada ta ɗauki kaya mai nauyi, a ba ta kujera, a cire ta daga aikin dare, a bar ta ta zo awo ranar awo, kuma daga rana kaza zuwa rana kaza. Ba sai an rubuta sunan ciwonta ba, wannan sirrinta ne.

Na san wata za ta ce, Malama, ni ina na ga albashi? Gaskiya ne, yawancinmu nan aikinmu daka ne da surfe, ɗebo ruwa, itace da gona. To ku mazaje, shugaban ma'aikatar nan ku ne, ku da Inna uwar miji. Idan muka ga ƙafa da fuska sun kumbura, ga ciwon kai, ga jini ya hau, muka ce ta huta, ba son jiki ba ne, jijjiga muke gudu. Haka in ta ga jini, ko ta taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini. Feshin maganin ƙwari kuwa, ko kusa kada ta je, kada kuma a ba ta wankin kayan mai feshi.

Mai cikin fari ita ta fi ban tausayi, kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba. Inna, ke za ki lura, ke za ki karɓi taɓaryar daga hannunta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zo awo sau takwas, na farko cikin wata ukun farko. Ranar awo mai zuwa ku zo da katinku. Mai buƙatar takarda ta faɗa tun da wuri, domin in babu likita a wurin ranar, sai mun tura ta babban asibiti a sa hannu.