A Auna Gwiwa Kafin a Yanke Hukunci



Yau maganarmu a kan gwiwar yaro ce. Iyaye da yawa hankalinsu kan tashi in suka ga ƙafar ɗansu ta yi baka ko ta yi gwame. To, ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Awo ne yake yankewa.

Ga yadda likitan fisiyo yake yi. Yakan tsayar da yaro ya haɗa ƙafafunsa. In ƙafar baka ce, sai ya auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyi. In gwame ce, sai ya auna tsakanin idon sawu biyu. Ya rubuta, bayan wasu watanni ya sake aunawa.

Me ya sa ake sakewa? Saboda ƙafar yaro tana sauyawa. Yawanci baka kan miƙe wajen shekara 2, gwame kuma wajen shekara 7.

Amma ku saurara da kyau. In ƙafa ɗaya ce ta karkace, ko karkacewar tana ƙaruwa, ko yaro yana ɗingishi, kada a jira, domin wataƙila ciwo ne ya jawo. Binciken da aka yi a Jos ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci yana lanƙwasa ƙashin yara, kuma yana da magani.

Iyaye, a kai yaro a auna shi. Allah ya raya mana zuri'a.