Kafin Ka Yarda da Layin, Dubi Lambobin Gefe



Yau hirarmu a kan zanen nan ne mai layi yana hawa yana sauka, wanda ake nuna tafiyar farashi ko yawan marasa lafiya wata bayan wata. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, shi ya fito da shi fili a littafinsa na 1786. Yanzu kuwa Excel ko Google Sheets kan zana maka shi kafin ka ƙifta ido, kuma in ba ka sa hannu ba, manhajar ce ke zaɓar inda lambobin gefe za su fara.

A ce buhun gero ya tashi daga naira 50,000 zuwa 52,000. Ƙarin kashi 4 ne cikin 100. To, in layin tsaye na hagu ya fara daga 49,000, sai ka ga zanen ya miƙe kamar mai hawan dutse, tsayinsa ya ninka sau 3. Ba lambar da aka sauya, amma mai kallo a waya hankalinsa ya riga ya tashi. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Gyaransa kuwa ba wuya: danna layin tsayen sau biyu, ka mayar da mafarinsa sifili. Ban ce a yi haka ko yaushe ba. Zafin jikin yaro daga digiri 37 zuwa 39 babban lamari ne, in ka fara daga sifili ka ɓoye shi. Sai dai ka rubuta ƙarara daga ina ka fara.

Akwai kuma ma'aunin logaridim, inda kowane mataki ke ninka na baya sau 10: 10, 100, 1,000. Da shi jaridar Financial Times ta riƙa nuna yaɗuwar korona a 2020. A nan, layi miƙaƙƙe mai hawa a hankali yana nufin abin ninkawa yake ta yi.

Sai waƙafi, 'yan'uwa. Ɗan Kano in ya rubuta 1,500, dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi. Wanda ya yi boko a Maraɗi, bisa tsarin Faransanci, ɗaya da rabi zai karanta. Haka kwanan wata: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a wajenmu 3 ga Afrilu. In zanenka zai tsallaka iyaka, rubuta sunan watan da haruffa, ka kuma sa "dubu" ko "miliyan" a gefen lambar.