Kiɗan soyayya a wasan kwaikwayo na tarihi: jawabi ga mutanen Guci



Da yawanku kun kalli Jodha Akbar, wasan Indiya wanda tashar Zee TV ta nuna daga 2013 zuwa 2015, labarin sarki Akbar da gimbiyar da ya aura a 1562. Ban zo yabon tarihin da ke cikinsa ba, don an yi masa ƙarin gishiri da yawa. Kiɗansa ne ya kawo ni.

Ku lura, in sarki ya shigo fada, ganguna ke tashi. Amma in ya tsaya gaban matarsa, girman kai ya hana shi magana, sai a bar sarewa ita kaɗai, a hankali. Amo guda ake maimaitawa duk sa'ad da suka haɗu, har mai kallo ya haddace shi. Ran da suka ɓata, a busa shi a raunane, tsohuwar da ba ta jin Indiyanci ma ta san an yi faɗa.

To, mu fa? Mafi yawan finafinan Kano da ake kallo a Magarya da Dungas da fiyano ake kaɗa su. In aka tashi wasa kan zamanin Tanimun, sarkin Damagaram, kakaki da algaita na sarauta ne, ba a zance da su. Soyayyar cikin gida tana ga shantu da ƙwarya na mata, da gurmi, da sarewar makiyayi. Ina roƙon ma'aikatan al'adu su ɗauki muryoyin tsofaffin makaɗan tun suna raye, ƴan kasuwa kuma su biya kuɗin aikin.