Cutar Zobe a Gwanda da Bambancin Irinta

Mai sayen gwanda a kasuwar Sabon Gari yakan ga zobba-zobba a ɓawonta, ya ɗauka tabo ne kurum. Alhali kuwa tana yiwuwa alamar ƙwayar bairos ce, wadda darɓa ke yaɗawa daga wannan itace zuwa wancan. Ido ba ya tabbatar da ita, sai an niƙa ganye, an riɓanya sinadarin gadonta ta hanyar PCR, an karanta jerinsa. A nan ake gane cewa kowace ƙasa da irin tata. Lalle ma'aikatan gona na Kano su lura da wannan kafin su kawo iri daga waje, domin gwandar Rainbow, wadda aka raba wa manoman Hawai a 1998, ta jure wa ƙwayar can, amma da aka gwada ta da ta Tailan sai ta kamu.