Taga ba ado ba ce, lafiya ce



Duk mun san abin da sanƙarau ya yi mana. Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi jin jiki. Allurar rigakafi ita ce gaba, wannan ba gardama. Amma yau gini nake so mu duba.

Ƙwayar cutar nan ta tari da atishawa take bi. Ku tara yara cunkus a aji mai taga ɗaya, rufin tol daf da kai, a watan Maris. Iskar da wannan ya fitar ita wancan zai shaƙa. Ga duhu, ga zafi, ina karatu?

Kar mu ce mu koma rumfar zana. Gobarar Maraɗi ta Nuwamban 2021 ta cinye yara sama da 20 a irin waɗannan azuzuwa.

Dabarar ba ta da tsada. Iska mai zafi sama take yi, to a bar mata ƙofofi can saman bango. A yi tagogi masu kallon juna, kudu da arewa, da marufin da za a ja in hunturu ya taso da ƙura. A ɗaga rufi, a bar rata tsakaninsa da silin. Katangar ƙasa mai kauri kuwa tana riƙe zafin rana, kamar sorayen Birni a Damagaram.

An gwada an gani. Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso da wannan dabara a 2001. Mariam Kamara, 'yar ƙasarmu, ta yi da bulon ƙasa a masallaci da ɗakin karatu na Dandaji.

'Yan kasuwa, ku ma da ribarku. Shago mai haske bai kunna ƙwan lantarki da rana, kuma magani ko abinci ba ya saurin lalacewa inda iska ke ratsawa.

Roƙona ɗaya ne. Kafin a aza tubalin aji ko ɗakin likita a garinku, kwamitin makaranta da masu unguwa su nemi ganin zanen ginin. Ku tambaya: ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? In babu amsa, a gyara tun a takarda.