Air Beetle: Jirgin da Aka Haɗa a Kaduna, Aka Bar Shi Ba Magaji



Mutumin Bauchi ba sai an ba shi labarin kamfanin Steyr ba. Ya ga taraktoci suna fitowa daga can, ya kuma ga lokacin da harabar ta yi tsit. To, an yi irin wannan a harkar jiragen sama. A 1989 wani ƙaramin jirgi mai suna Air Beetle ya fara tashi. Kamfanin AIEP na Kaduna, mai alaƙa da Dornier na Jamus, shi ya haɗa shi: farfela ɗaya a hanci, kujera biyu, malami da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa. Rundunar sojan sama ta yi odar guda 60 don koyar da tuƙi. Daga nan ba a sake yin oda ba. Da suka tsufa, a 2016 aka nufi Pakistan sayen Super Mushshak.

Wasu abokan aiki kan taɓe baki su ce ai zanen RV-6A ne na kamfanin Van's na Amurka, injin ma sayowa aka yi. Haka ne, sai me? Clyde Cessna, ɗan ƙauye a Kansas, jirgin Blériot na Faransa ya kwaikwaya a 1911. Ya kafa kamfani a Wichita a 1927, kuma sai a 1972 aka fara miƙa wa masu kuɗi jirgin alfarma na Citation.

Amma Burazil ce hujjar da ba na gajiya da kawowa. Sun fara da makaranta, ITA, a 1950. A 1969 gwamnati ta kafa Embraer a garin da makarantar take. Jirginsu na farko, Bandeirante, Bafaranshe Max Holste ne ya jagoranci zana shi, injinsa kuma daga Kanada. Ba wanda ya ce musu kwaikwayo ne. Abin da ya raya kamfanin shi ne sojan saman ƙasar sun yi odar 80 tun ranar gini, suka kuma ci gaba da dawowa. A 1970 Ipanema ya tashi, ɗan jirgin feshin gona mai kujera ɗaya, ba kyan gani, tankin magani a gaban matuƙi. An ƙera fiye da 1,000, har yau ana yi, kuma tun 2004 akwai mai shan man rake. Sai a 2009 Phenom 300 na attajirai ya shiga kasuwa. Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021, aka ajiye a Kainji, zanen wannan kamfani ne.

Mu kuwa ta wutsiya muka kamo. Manya na rige-rigen jirgin alfarma, babban gyara ya taso a tura shi Turai da dala.

Alhali aikin ƙaramin jirgi yana nan a ƙasar Katagum. Idan gero ya fara ido, jan-baki kan sauko kamar hadari, yara suna ta kaɗa gwangwani da igiya tun asuba, kafin a gama takardun hayar jirgin feshi an cinye rabin gona. Jami'ai sun ce haya ta fi araha. A shekara ɗaya, ƙila. Jan-baki kuwa duk damina yana tafe.

Shawarar tsohuwa ce. Bauchi, Jigawa, Yobe da Borno su haɗa kuɗi su yi oda ɗaya ta jiragen feshi, ta shekara goma, da sharaɗin a haɗa su a gida. A ware rumfar gyara a filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa, kanikawa su fito daga kwalejin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ɗaliban jami'ar ATBU su yi koyon aiki a can. A kuma nemo waɗanda suka ɗaure kusoshin Air Beetle tun suna da sauran ƙarfi, a ba su ajin koyarwa.