Siffar Ƙwayar Cuta da Neman Riga-kafin Shawara da Dengi

 

A nan Bakori, in damina ta yi nisa masara ta fara goyo, duk zazzaɓin da ya kwantar da mutum sunansa maleriya. Galibi haka ɗin ne, amma ba kullum ba. Akwai wani sauro mai ɗigon fari a ƙafafu, masana na ce masa Aedes, da rana yake cizo, yana ƙyanƙyasa a randar da aka bari a buɗe da tsohuwar taya da gwangwani. Shi ke yaɗa shawara da dengi, kuma duk biyun bairos ne, maganin maleriya ba ya taɓa su. A 2019 shawara ta ɓulla a jiharmu ta Katsina har aka yi gangamin riga-kafi, a ƙarshen 2023 kuma hukumar NCDC ta tabbatar da dengi a Sakkwato.

Riga-kafin shawara da lalube aka same shi. A 1927 masu binciken gidauniyar Rockefeller, waɗanda ke da sansani a Yaba ta Legas, suka samo ƙwayar daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi. Max Theiler ya yi ta renonta a tsokar ɓera da ta ɗan tsakon cikin ƙwai, sau fiye da ɗari, har ƙarfinta ya karye. Ita ce 17D ta 1937, wadda ake yi wa 'ya'yanmu har gobe. Theiler ya karɓi kyautar Nobel a 1951 ba tare da ya taɓa ganin siffar abin da ya hora ba. Sai a shekarun 1980 aka gano cewa sauye-sauye kaɗan ne suka raba 17D da uwarta, kuma kaso mai tsoka yana jikin furotin ɗin da ke lulluɓe da ƙwayar, wanda ake kira E.

Ku riƙe wannan E da kyau. A 2002 Richard Kuhn da Michael Rossmann na Jami'ar Purdue a Amurka suka daskarar da ƙwayar dengi, suka ɗauki hotonta da madubin lantarki. Suka tarar da E guda 180, bibbiyu, kai da ƙafa, kwance a jikin ƙwayar kamar saƙar tabarma. In ƙwayar ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum ta gamu da ruwa mai tsami, sai wannan jeri ya warware, su haɗu uku-uku su miƙe tsaye, wani ɗan tsini da ke ɓoye ya fito ya soki bango, bairos ya zuba abin da ke cikinsa. Hana E miƙewa, ka hana cuta.

To, me ya sa dengi ta gagara? Iri huɗu ce. Garkuwar da jiki ya yi wa iri ɗaya takan kama ɗan'uwansa sako-sako, maimakon ta kashe shi sai ta raka shi cikin ƙwayoyin tsaron jiki, ciwo na biyu ya fi na farko muni. Kamfanin Sanofi ya ɗora E na dengi a kan 17D ya yi allurar riga-kafin Dengvaxia. A 2017, bayan an yi wa yara sama da 800,000 a Filifin, kamfanin ya bayyana cewa wanda bai taɓa yin dengi ba allurar na iya ƙara masa haɗari. A ganina, nan zamanin lalube ya ƙare. A 2015 ayarin Gavin Screaton da na Félix Rey sun riga sun nuna cewa garkuwar da ke kashe iri huɗun a mahaɗar E biyu take kamawa. Shi ya sa yanzu ake ƙera E da aka ɗaure bibbiyu don kada ya warware, ko jiki ya koyi kai hari inda ya dace. Aikin yana ɗakin gwaji tukuna.

Ɓangaren magani ya fi tafiyar hawainiya. An san siffar furotin biyu na bairos ɗin, NS3 mai yanka furotin, da NS5 mai kwafar ƙwayar, wanda jikin ɗan Adam ba shi da irinsa. Duk da haka, har yau babu maganin da aka amince yana kashe bairos ɗin dengi ko na shawara.

Ɗalibanmu na Dutsin-Ma da Katsina da Zariya, siffofin nan suna rumbun Protein Data Bank a intanet, kyauta, ku buɗe ku duba. Ma'aikatan lafiya, in gwajin maleriya ya nuna babu, ido kuma ya yi rawaya, a ɗauki jini a sanar da hukuma. Iyaye, allurar shawara guda ɗaya ce a wata tara, kyauta, tana kare yaro tsawon rayuwarsa. A kai su, a kuma rufe randa.